Daga Ragaya Zuwa Kabad: Yadda Ɗakin Bahaushiya Ya Sami Ma'ajiya

Shekara ɗari da hamsin da suka wuce, mutum zai iya zagaye unguwa guda a Kano ko Katsina ko Damagaram, ya leƙa ɗaki bayan ɗaki, bai ci karo da falanki ko ɗaya da aka kafa a bango don ɗora kaya ba. Masu aikin itace kuwa suna nan, har da sarkinsu. Masassaƙa ne suke fitar da turmi da taɓarya da akushi da kujerar mata da ƙotar fartanya da allon karatu. Sai dai aikinsu na gatari ne da gizago: a sari gungume, a yi ta rage shi har abin da ake nema ya fito daga cikinsa. Mai son katako shimfiɗaɗɗe mai faɗi sai ya sadaukar da rabin bishiya, shi ya sa ba a shan wannan wahala sai don ƙyauren gidan mai hali ko ƙofar gari. Ƙusa ma maƙeri ne yake buga ta, ɗaya bayan ɗaya.

To, ina ake ajiye kaya? Bahaushe ya samar musu mazauni da abin da ƙasarsa ta ba shi, wato yumɓu da kara da kaba da igiyar rama. Ya kuma raba ajiyar gida biyu, rabon da ya fi duk waɗannan kayan aiki ƙarko. Dukiyar maigida tana tsakar gida, a rufe. Ta matar gida tana ɗaki, a buɗe, inda duk wadda ta ɗaga asabari za ta gani.

Dukiyar maigida hatsi ce, ma'ajiyarta kuma rumbu. Akan ɗora shi a kan duwatsu don kada danshi da gara su hau, a yi jikinsa da zana ko kara, a kifa masa jinka. Inda yumɓu yake da kyau sai a gina rufewa, mai ciki kamar na randa, bakinta a sama, ba a shiga sai da tsani. Wanda ya bi hanyar Ƙonni zuwa Tawa zai ga irinsu a bakin ƙauyuka har gobe, wasu sun fi ɗakin kwana girma. Gero da dawa a dami ake zuba su, ba a sussuke ba, domin zangarniya ta fi jure wa ƙwari, tana iya yin shekaru ba ta lalace ba. A wurare da dama rumbun gandu akan toshe shi bayan kaka, ba a buɗewa sai damina ta kama, lokacin da masu noma suke bukatar tuwo mai riƙe ciki. Kuma ba a tambayar magidanci dami nawa ya ajiye. Ko an tambaya, "Alhamdulillahi" ce amsar.

A cikin ɗaki kuwa, dabara ta farko ita ce a nisanta abu da ƙasa, domin a nan maɓarnatan suke: gara, ɓera, kiyashi, kaji, da yaro mai rarrafe. Ragaya ce ta daɗe tana wannan aiki. Igiya ce ake saƙawa da rama ko kaba, a yi mata mazauni daga ƙasa, a tattara bakinta a sama a ɗaure a tsaikon ɗaki ko a jikin azara. A ciki ake zaunar da ƙwaryar nono ko ta fura, a rufe da faifai, iska tana ratsa ta ta ko'ina, kyanwa kuma sai dai ta zauna tana haɗiyar yawu. Mace ba ta jiran kowa ya yi mata ragaya. Ita take tufka igiyarta, ta auna tsayin da hannunta zai kai amma na yaro ba zai kai ba.

A ginin ƙasa, bango ma ma'ajiya ne. Katangar tubali tana da kauri, musamman daga gindi, don haka magini yakan bar gurbi a cikinta tun yana ɗora tubali: alkuki, inda ake ajiye fitila, da wasu ƙananan guraba na tandun kwalli da turare da allura da zare. Yakan kuma dasa turaku tun ƙasa tana ɗanya, su zama maratayi. A nan malami yake rataye gafakarsa, littafi yana ciki an naɗe shi da tadarishi, nesa da gara, wadda ta cinye kundaye ba adadi a ƙasar nan. Tufafi suna cikin adudu, kwandon nan mai murfi da akan lulluɓe da fata. Abin da ba a son ido ya gani, irin su wuri da murjani da awarwaron azurfa, yana ƙarƙashin gado cikin tukunya, wani lokaci ma a binne.

Duk waɗannan na amfanin yau da kullum ne. Akwai kuma wurin da aka yi shi domin kallo. In za a kawo amarya, mata sukan taru su yi wa ɗakinta daɓe, suna bugun ƙasa da maɗaɓi suna waƙa, ana yayyafa ruwan makuba har daɓen ya yi santsi ya yi duhu. A jikin bangon da yake fuskantar ƙofa sai a tayar da ɗan dakali, wani lokaci hawa biyu ko uku. Inda ɗakin na kara ne, a kafa gwafanni huɗu, a gitta sanduna, a shimfiɗa kara a ɗaure. Wannan shi ne gurbin jere. A kansa ake zaunar da masaki daga ƙasa, ƙorai a kai, babba tana ɗauke da ƙarama har a ƙare a kan ƙoƙo. Ga akusa baƙaƙe ƙirin a gefe, ga ludaya, ga faya-fayai masu rini an jingina da bango. Ƙwaryar da aka yi wa zane da wuƙa mai zafi aka goga mata farar ƙasa ba ta zuwa madafi. Tana nan inda aka ɗora ta, ana sauke ta a goge a mayar.

Maƙwabta ma suna da irin tasu. Matan Fulanin Bororo na Nijar, duk da yawan tashi da sauka, da sun yada zango sukan kafa sagarsu, wato nasu gurbin jere, su jera ƙorai a kai kafin su huta. Matan Barebari a Barno sun shahara da ɗora tukwane kan tukwane har su kusa rufi, Nufawa kuma da ƙawata bango da faranti.

Me ya sa mace za ta baje abin da ta mallaka alhali mijinta yana toshe nasa? Amsar tana cikin yadda aure yake a ƙasar Hausa. Amarya ce take barin gidansu ta shiga gidan wasu. Ɗakin da za ta zauna na miji ne, haka filin, haka rumbun. Abin da ta shigo da shi kaɗai ne nata, shari'a kuma ta tsaya mata a kansa, domin a Musulunci dukiyar mace ba ta narkewa cikin ta miji. Littattafan Malikiyya da alƙalan ƙasar nan suke hukunci da su, irin su Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, sun keɓe fasali guda a kan miji da mata da suka yi jayayya game da kayan gida. Ƙa'idar ita ce, in babu shaida, abin da al'ada ta san na mata ne a bar wa matar bayan ta yi rantsuwa, abin da aka san na maza ne, ko wanda kowannensu yake iya mallaka, a bar wa mijin. Ke nan shaida tana da rana. Ranar jere kuwa rana ce ta tara shaidu: gwaggo da inna da ƙawayen uwa daga wannan ɓangare, dangin ango daga wancan, kowacce ta ga abin da aka shigo da shi, ta ƙirga a zuci, sannan ta ce, "Ɗaki ya yi kyau, Allah ya ba da zaman lafiya." In zaman ya ƙi, waɗannan matan ne dai za su dawo kwasar kaya, kuma ba sa manta ko ludayi.

Jeren yana faɗin wani abu game da uwar amarya ma. Yawancin kayan ba daga hannunta kaɗai suka fito ba. Mace takan yi shekaru tana kai gudunmawa bikin 'ya'yan ƙawayenta da danginta, al'adar biki kuma ita ce a rama mata da abin da ya fi wanda ta kai, sau da yawa ninki. Ranar da za ta aurar da tata 'yar, duk wannan bashi na zumunci yake dawowa lokaci guda, ya hau dakali. Tsayin jere ma'aunin yawan mutanen uwa ne da yadda ta riƙe su. Wadda abin bai kai mata ba takan yi aro a cike gurbi, bayan baƙi sun ɗauke ƙafa a mayar a ɓoye. Matan unguwa sun fi kowa sanin wannan, sun kuma san cewa kayan aro ba ya rufe katara, amma ba a faɗa ranar biki.

Ƙarfe ya shigo wannan fage tun kafin Turawa su ci ƙasar, sai dai ta ƙofar manya ya bi. Lokacin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya sauka Sakkwato a 1824 baƙon Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rubuta cewa ana aiko masa abinci daga fada a farantan farin ƙarfe masu tambarin Landan, wata rana ma aka kawo masa nama a cikin farin daron wanke hannu ƙirar Ingila. Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya lissafa jan ƙarfe cikin hajar da ayari yake ƙetare Sahara da ita, tare da madubi da allura da takarda da duwatsun wuya. Daga irin wannan ƙarfe maƙeran fari suke buga tasa, na Bida kuma suka yi suna a kai. Tasa ba ta fashewa, ba ta bukatar gyartai, in an goge ta da toka da tsamiya tana ɗaukar ido daga bakin ƙofa. 'Ya'yan sarakuna da na attajirai ne suka fara jera ta. Magina ma suka ɗauka: a soron da aka yi wa ɗaurin guga, akan liƙa tasa ko faranti a tsakiyar rufi, inda bakan gizo suka haɗu.

Abin da ya juya al'amarin gaba ɗaya jirgin ƙasa ne. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, Nguru a 1930. Taragon da ya tafi kudu da gyaɗa da fata da auduga ya dawo da kananzir da gishiri da atamfa da kwanon rufi, da ƙusa cike da buhu, da katakon da injin ya yanka a dazuzzukan kudu. Tare da katakon aka sami sabon ma'aikaci, kafinta, mai zarto da hama da abin fiƙe katako da ma'auni. Na farko-farko yawanci baƙi ne mazauna Sabon Gari, Yarabawa da mutanen Saliyo da na Gwalkwas, waɗanda suka biyo aikin dogo da gine-ginen gwamnati. Amma tun a makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a Kano a 1909, akwai sashen sana'o'i inda ake koyar da kafinta, daga baya ma'aikatun ayyuka na En'e suka yaye wasu. Masassaƙi ya ci gaba da turminsa da akushinsa. Tebur da benci da taga da akwati suka zama na sabon zuwa.

Talaka bai jira ya iya biyan kafinta ba. Kananzir a lokacin a garwa yake zuwa, garwa biyu cikin akwatin katako guda, sabulu da sukari ma a akwatuna. Da an juye kayan, kanti ya sayar da akwatin da araha. A kwantar da shi a gefensa, ya zama kanta mai hawa ɗaya. A ɗora wani a kai, ya zama mai hawa biyu. A rataya masa ƙyalle a gaba, ya zama kabad. Wanda yake da hama yakan ɓalle katakon ya miƙe tsofaffin ƙusoshin a kan dutse ya sake bugawa yadda yake so. 'Yan tireda da wannan suka fara jera ashana da sabulu da alawa, malamai suka sami inda za su ɗora littattafan da aka fara bugawa da inji, matan gida kuma suka gane cewa katako yana ɗaukar abin da dakalin ƙasa ba zai ɗauka ba, ga shi ana iya tashi da shi in tashi ya kama. Gara dai ba ta daina ba. Sai aka koyi shafa wa ƙafar katako baƙin mai, ko a tsoma ta cikin gwangwani mai ɗan kananzir.

Katakon ya zo a kan gaɓa, domin kayan da za a ɗora masa suna gab da yin ambaliya. Kuɗin gyaɗa sun shiga hannun manoma, kamfanoni kuma suka cika kantuna da kwanon ƙarfe mai shafen fenti mai ƙyalli, daga Turai da Japan, daga baya Hong Kong. Ya fi tasa araha nesa ba kusa ba, ga launi, ga furanni, ga murfi. Mata suka raɗa wa kowane iri suna: langa, fanteka, kwalla, samira, daro. Ana sayensu saiti-saiti, ƙarami cikin babba, abin da ya dace daidai da yadda aka saba ɗora ƙorai. Kowane zane yana da yayinsa, in ya wuce kuma darajarsa ta faɗi, don haka mai ido tana iya kallon jeren mace ta faɗi zamanin da aka yi mata aure.

Kasuwar ta yi girman da ta jawo masana'antar kanta. A shekarun 1950 Afirka ta Yamma tana cikin manyan masu sayen kwanukan Hong Kong. Da Nijeriya ta doshi 'yancin kai ta ɗora haraji a kan na waje don a riƙa yi a gida, sai masu masana'antun suka kwaso injinansu da ma'aikatansu suka taho. An kafa Nigerian Enamelware a Legas a 1960, wasu kuma suka yo arewa, inda masu sayen suke, suka kafa nasu a Kano. Wasu daga cikin manyan gidajen kasuwancin 'yan Sin da suka yi ƙarfi a Nijeriya daga baya, a harkar roba da takalma da ƙarfe, da kwano suka fara. In aka bi sawun jarinsu, za a tarar ya ratsa ta ɗakunan amare.

Kwano ba a shuka shi a bayan gida yadda ake shuka duma. Sai da kuɗi. Barbara Cooper, masaniyar tarihi da ta yi nazarin aure a Maraɗi, littafinta ya fito a 1997, ta nuna yadda kayan da uwa take haɗa wa 'yarta suka tashi daga abin da aka noma ko aka kaɗa ko aka saƙa a gida, suka koma abin da sai an je kasuwa. Wannan nauyi a kan mata ya sauka, matan da yawancinsu a birni suna cikin kulle. Suka yi ta sana'a daga cikin gida, ƙosai da ƙuli-ƙuli da fura da ɗinkin hula, 'ya'yansu mata suna fita da talla, ribar tana shiga asusu da adashi, daga can ta zama kwano, a tura ƙarƙashin gado. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a kan yaran Kano a shekarun 1970, ta ga yadda tallar yarinya take haɗe da kayan ɗakinta. Shi ya sa da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare na kowa da kowa a 1976, cikin dalilan da suka sa wasu iyaye mata jan ƙafa har da wannan: in yarinya tana aji, wa zai fita da farantin da zai cika mata ɗaki?

Masu sukar al'adar sukan ce kwanon da ba a cin abinci a ciki asarar kuɗi ne. Matan da suke tarawa sun san abin da suke yi. Macen da ba ta da gona a hannunta, ba ta zuwa banki, kuɗi a hannu kuma kowa a gidan yana da bukatarsu, ta sami hanyar daskarar da su a siffar da ba a cewa "ara mini". Miji yana jin nauyin taɓa kwanon matarsa fiye da yadda yake jin nauyin tambayar sulallan da ke bakin zanenta. In rashin lafiya ta zo, ko ana neman jari, sai a kira dillaliya ta ɗauki saiti guda cikin mayafi ta zaga gidaje. In kuwa an wanye lafiya, rabin jeren uwa shi ne harsashin na 'yarta.

Da kwanuka suka fi ƙarfin dakali da akwati, sai suka hau bango. A gidajen ƙasa akan liƙa faranti da ɗanyen yumɓu ko a tallafe shi da ƙusa, layi bisa layi har rufi. Ƙura da hayaƙi kuma suka sa gogewa ta zama aikin yini guda. Maganin wannan shi ne kabad mai gilashi, wanda yake hana ƙura amma ba ya hana kallo. Abin da ya sauƙaƙa shi katakon nan ne mara kauri da ake mannawa falle-falle, wanda kamfanin African Timber and Plywood ya fara yi a Sapele a ƙarshen shekarun 1940. Ba shi da nauyi, ba ya tsagewa, kafinta ɗaya da yaronsa suna iya gama kabad cikin 'yan kwanaki. Kuɗin mai da kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 suka ƙarasa aikin. Gadon ƙarfe mai rumfa ya ba wa gadon fomeka wuri, kabad ɗaya ya zama biyu, alhazan da suka yawaita da zuwan jirgin sama suka riƙa dawowa da tire da butar shayi da kofuna daga Makka, su ma aka nema musu hawa.

A nan wani abu ya sauya hannu ba tare da an yi shela ba. Ragaya da dakali mata ne suke yin abinsu, ba a biyan kowa. Kabad kuwa aikin namiji ne, da kuɗi ake karɓo shi, kuɗin kuma sun fi ƙarfin asusun talla. Sai aka raba nauyin: uba ya yi gado da katifa da kujeru da kabad, uwa ta ji da abin da za a zuba a ciki. Tun daga lokacin, magidanci mai 'ya'ya mata ya san hanyar 'yan katako, ya san bambancin maɗaci da afara da obece, ya kuma san zaman jiran kafintan da ya ce "Alhaji, gobe in sha Allahu" alhali saura kwana uku a ɗaura aure.

Tsuke bakin aljihu na 1986 a Nijeriya da karya darajar sefa a 1994 a Nijar sun tsadar da komai, amma jeren bai mutu ba, kaya kawai ya sake. Roba ta shigo, kuloli masu riƙe zafi suka shigo, tangaran da gilashi daga Sin suka ture kwanon fenti zuwa ƙauye. Kabad ya zama shogilas, ya zama dibaida mai gurbin talabijin da rediyo. Malamai suka yi ta wa'azi a kan tsadar kayan ɗaki da yadda take hana 'yan mata da zawarawa aure, wasu suna tunatar da cewa shimfiɗa da mazauni a wuyan miji suke. Hukuma ma da ta tashi taimakawa, ta wannan ƙofa ta bi. A auren zawarawa da gwamnatin Kano ta fara ta hannun Hisba a 2012, da wanda aka ɗaura wa ma'aurata 1,800 a Oktoban 2023, bayan sadaki abin da aka fi sa wa ido shi ne gado da katifa da sauran kayan ɗakin da aka ba kowace amarya.

Yau mai son kanta a ɗakinsa ba ya rasa hanya. A 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko kasuwar Katako a Yamai, zai sayi falanki mai faɗin inci 12 a yanka masa daidai awonsa, mai walda ya lanƙwasa masa ƙarfe biyu ko uku masu kusurwa, ya koma gida ya huda bango ya ɗaura. Ɗalibai da masu shago da mazauna ɗakin haya haka suke yi. Bangon bulo yana son a sa masa toshiyar roba ko ta itace kafin noti ya kama, bangon ƙasa kuma ba ya riƙe nauyi, gara a yi mai ƙafa a jingina. Allon garin katako da ake shigo da shi daga waje, wanda ya mamaye shagunan kafintoci, yana da kyau a ido amma ba ya shiri da ruwa: damina ɗaya a ɗaki mai danshi ta isa ta kumbura shi. Shi ya sa wasu suka koma alminiyam da gilashi.

A gidajen birni jeren ya bar ɗakin kwana ya koma kicin, kuma kafin ranar kafinta yakan je gidan ango da awo, ya auna bango, ya dawo ya ɗaure kabad a jiki daga wannan kusurwa zuwa waccan. 'Yan jere suna zuwa kamar da, sai dai yanzu har da ɗaukar bidiyo a waya, wanda ya zama shaidar da ta fi ƙirgen zuci. Amma kabad ɗin da aka yanka daidai bangon wani gida ba ya shiga wani, in an ɓalle shi kuma yakan bar rabin darajarsa a jikin siminti. Ga wadda take zaune a gidan haya, ko wadda zama ya ƙare mata, wannan asara ce da kakarta mai ƙorai ba ta sani ba. Dillalan tsofaffin kayan ɗaki suna sayen irin wannan a wulaƙance. Iyaye mata da suka ga haka sun fara gindaya wa kafinta sharaɗi tun wajen ciniki: a yi shi gida-gida, da noti maimakon gam da ƙusa, yadda mutum biyu za su iya kwance shi su loda a mota cikin yini ɗaya.